Yatsun Somari

Zakara bai gama gyaran murya ba
na ɗora kakata a bayan keke,
mil tara zuwa Latehar.
Ta ƙulle takardunta a bakin mayafi
kamar mai tafiya da ƙwai.

A ƙofar banki layi ya riga rana fitowa.
Ga Etwa Lohra da sanduna biyu,
ƙafarsa ta dama na can ƙarƙashin ramin kwal,
ta hagu ce ke zuwa karɓar musu.
Ga matar marigayi mai gyaran laima,
ga makaho mai lissafin wata da ƙullin zare,
ƙulli huɗu, in ji shi, ba a biya ba.
Babu wanda ya zo roƙo a nan.
Kowa bashi ya biyo.

Rupi dubu ɗaya a wata.
Kada ka raina:
shinkafa ce, gishiri ne, kananzir ne,
maganin gwiwa ne,
da alewar da take ɓoye wa autar gidanmu.

Da aka kira Somari Kujur
ma'aikaci ya turo wani ɗan akwati mai jan ido.
"Ɗora babban yatsa, Mama."
Ta ɗora. Akwati ya yi gum.
Ta goge a zani, ta hura masa iska,
ta shafa a gashinta ko zai ɗan yi maiƙo,
ta ba shi na hagu, ta ba shi manuni,
har ɗan ƙaramin da bai taɓa shiga maganar hukuma ba.
Goma cif.
Akwati ya ce bai san ta ba.

To, ina zai san ta?
Shekara arba'in da ɗaya tana kwasar bulo
tun bai huce daga wuta ba.
Zanen da Mahalicci ya yi mata a yatsa
bulo ya lashe shi, layi bayan layi.
In gwamnati na neman yatsun kakata
ta kankare fentin asibitin gunduma,
ta duba katangar kotu,
ta duba bangon bankin nan da muke tsaye.
Suna nan, ba inda suka je.

Ma'aikacin ba mugu ba ne.
Ya cire tabarau, ya murza ido:
"Ni na gan ki, Mama, na'ura ce ba ta gani ba.
Sai kin kawo takardar shaidar kina raye."
Kakata ta yi dariya da haƙoranta uku:
"Ɗana, in na mutu,
wa ke jin wannan yunwar a madadina?"
Layi ya ɗauki dariya, sai kuma ya yi tsit,
don kowa ya saci kallon tafin hannunsa.

A waje Etwa ya zaro ɗari biyu cikin nasa.
Ta ƙi, ya nace, ta ƙi,
ya soke mata a ƙullin mayafi ya ɗingisa gaba.
"Ki jiƙa su da mai dare bakwai," in ji shi,
"kada ki taɓa toka, kada ki taɓa tukunya.
An ce zanen yakan dawo."

Yau kwana biyar ke nan.
Ni ke wanke-wanke, ni ke tsintar itace.
Tana zaune a dokin ƙofa, hannuwa a cinya,
tafi yana kallon sama, yana ƙyalli,
hutun farko a rayuwarta, kuma bai yi mata daɗi ba.
Kowace safiya takan kira ni gaban haske
kamar manomin da ke leƙen shuka:
"Mangra, idonka ya fi nawa.
Sun fara tsirowa?"

Nakan daɗe ina dubawa.
Nakan ce, "Kamar dai."
Jibi Litinin.
Na riga na ba taya iska.